Kotu ta ba ni gaskiya, shi kuma ya ce ya karye: yaya zan gano gidajensa da filayensa?

"Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani abokin ciniki ya ɗauki kayana bashi, atamfa da shadda, na naira miliyan 18, ya ƙi biya. Na kai shi Babbar Kotu a nan Kano, aka shekara biyu ana shari'a, kotu ta ce ya biya ni. Yau wata bakwai ke nan ko sisi ban gani ba. Ma'aikatan kotu sun je shagonsa, ba su samu abin kirki ba. Shi cewa yake ya karye, amma a kasuwa kowa ya san yana da gidajen haya da filaye. Ta ina zan bi in gano su? In na gano, kotu za ta sayar ta biya ni?"

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Tambayarka biyu ce a haɗe: yadda za a gano kadarar, da yadda za a kai ta gwanjo. Ta biyun ta fi sauƙi, domin doka ta shimfiɗa mata hanya. Ta farkon ce ke cin rai, kuma a nan yawancin masu bin bashi ke gajiya su bar wa Allah. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kotu ba ta fita neman dukiyar kowa. Alƙali ya gama nasa aikin ranar da ya ce a biya ka. Ma'aikatan kotu masu zartar da hukunci kuwa, inda ka nuna musu nan suke zuwa. Idan ba ka kawo musu adireshi ba, takardar hukuncinka za ta tsufa a cikin durowa.

Abin da doka ta ce kafin a taɓa gida

Dokar da ake aiki da ita tsohuwa ce, tun 1945, sunanta Sheriffs and Civil Process Act. Tsufanta ya kai har yanzu tana cewa kayan sawa da shimfiɗa da kayan sana'ar da za a bar wa wanda ake bi bashi su ne na kimanin naira 10. Sashe na 44 shi ne naka. Ya ce ba a fara taɓa gida ko fili sai an nemi kayan da ake iya ɗauka, wato mota, kayan shago, injin, an rasa, ko an samu ba su isa ba. Saboda haka zuwan da ma'aikatan kotu suka yi shagonsa ba asara ba ce. Ka tabbata sun rubuta rahoton abin da suka tarar, an sa shi a fayil. Wannan rahoto shi ne lauyanka zai jingina da takardar rantsuwa ya roƙi izinin kama gida. Kuma roƙon ba a ɓoye ake yinsa ba, sai an sanar da wanda ake bi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tunda hukuncinka na Babbar Kotu ne, ka huta da mataki ɗaya. Wanda ya samu nasa a kotun majistare sai ya hau Babbar Kotu kafin a ba shi izinin kama gida ko fili.

Me ya sa neman ke da wuya

Mutane na zaton akwai wata kwamfuta a ma'aikatar ƙasa da za a buga sunan mutum, gidajensa su fito a jere. Da haka ne da ni ma na huta. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne: gwamna ke bayarwa a birni, ƙaramar hukuma ke bayarwa a karkara. Kowace jiha da nata rumbun bayanan filaye. Kano na da KANGIS, Kaduna na da KADGIS, Abuja na da AGIS, Nasarawa na da NAGIS, kuma babu mai leƙa littafin wani. Sannan binciken da suke yi wa jama'a da lambar fayil ko lambar fuloti ake yinsa. Ka je ka ce "ku duba min duk abin da wane ya mallaka", za a ce ka kawo umarnin kotu. Wasu ofisoshin ma ko da lambar fayil ka zo, sai sun ga izinin mai fayil ɗin.

Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce yawancin gidajen Kano ba su da fayil da sunan mai su na yanzu. Filin awon igiya a Kumbotso ko Ungogo ko bayan Rijiyar Zaki, shaidarsa takardar ciniki ce guda, mai sa hannun mai sayarwa da shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Ko fulotin gwamnati mai takardar shaidar mallaka, sai ka tarar an sayar da shi hannu huɗu, amma a fayil sunan wanda aka fara ba wa tun shekarun 1980 ne ke nan, domin babu wanda ya so biyan kuɗin neman amincewar gwamna da na rajista. 'Yan kasuwa sun fi kowa yin haka. Fili a wurinsu ajiya ce kamar dilar atamfa: a saya yau, a jefa takarda a sef, a sayar baɗi.

Don haka tsarin da nake bi, kuma shi nake ba ka shawara, shi ne a fara da ƙafa, a bi da takarda, a ƙare da rantsuwa. Wanda ya fara da ofis yakan dawo hannu rabbana.

Aikin ƙafa

"Kowa ya san yana da gidaje" ba hujja ba ce a kotu, amma bakin zare ne. A cikin masu faɗar haka akwai wanda ya taɓa raka shi duba gini, akwai wanda ƙaninsa ke haya a gidan. Su za ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya, cikin hira, ba tare da ka ambaci kotu ba. Sai dillalan filaye. Dillali ba ya manta cinikin da ya ci la'ada a kai, kuma in ka je masa a matsayin mai neman saye a unguwa kaza, da bakinsa zai lissafa maka: wannan kangon na wane ne, wancan mai baƙin get na wane ne, ya saya shekara uku da suka wuce. Haka magina, da masu sayar da bulo, da mai gadin kango, da wakilin da ke karɓar kuɗin haya.

Na taɓa riƙe wata shari'a mai kama da taka. Mutumin ya rantse wa duk wanda ya shiga tsakani cewa gidan da yake ciki ma na haya ne, kuma gaskiya ne, na haya ne. Muka yi wata uku ba mu samu komai ba. Ranar nan yaron shagon wanda nake wa aiki ya tuna cewa an taɓa aikensa ya kai wa mutumin saƙo a wani gini da ake yi a gefen gari, ya same shi tsaye yana faɗa da mai tayil. Muka ɗauki yaron a mota da la'asar. Ya ɓata sau biyu, domin unguwar ta cika, sai da ya gane wani masallaci mai koren fenti. Gida ne mai sashe huɗu, duk da 'yan haya. Na sayi ruwan leda a wurin mai kanti na ƙofar gidan, na tambaye shi ko akwai sashen da babu kowa. Ya ce babu, amma in bar lambata, in Alhaji wane ya zo karɓar haya ƙarshen wata zai gaya masa. Sunan da ya kira shi ne sunan da ke kan takardar hukuncinmu. Daga baya rasit ɗin haya na ɗaya daga cikin mazauna gidan, mai sa hannunsa, shi ya zama hujjarmu ta farko.

In ka samu gida irin wannan, ka ɗauki hotonsa daga titi, ka ɗauki lambar wurin a taswirar wayarka, ka duba ko akwai lambar fuloti a bango ko a jikin dutsen safiyo da ke kusurwa. Kada ka shiga, kada ka yi wa kowa ƙarya cewa kai jami'in gwamnati ne, kada kuma ka ba wa ma'aikacin ofis na goro don ya zaro maka fayil. Takardar da aka samu ta bayan gida takan zama makami a hannun lauyan abokin shari'arka.

Ka kuma binciki naka takardun. Sau da yawa bakin zaren na hannun mai bin bashin bai sani ba. Lokacin da ya ɗauki kayan, bai taɓa cewa "in na sayar da filina na wuri kaza zan biya ka" ba? Duba saƙonninku na WhatsApp, har da na murya. Bai taɓa tsaya wa wani beli ba? Mai tsayawa beli a manyan laifuka yakan rantse cewa yana da gida, ya kawo takardarsa, kuma tana nan a fayil ɗin waccan kotun. Mahaifinsa ya rasu? In an raba gadon a kotun shari'ar Musulunci, akwai rubutaccen bayanin wanda ya samu gida kaza da gona kaza, kuma kotu kan ba kowane magaji takardar mallakar rabonsa.

Aikin takarda

Da adireshi a hannu, yanzu ofis zai yi amfani. Lauya zai rubuta takardar neman bincike, a biya kuɗin gwamnati, a karɓi rasit. In an samu lambar fayil, irin mai ɗauke da RES in gidan zama ne ko COM in wurin kasuwanci ne, aiki ya yi sauƙi. In babu, ma'aikatan safiyo na iya ɗora lambar wurin a kan taswirar shimfiɗar unguwar su gano fulotin. Abu uku nake dubawa a rahoton: sunan wa ke kai, an jinginar da shi ga banki ko a'a, kuma akwai wata takardar gargaɗi ko shari'a a kansa. Hukumar tsara birni, KNUPDA, ita ma wuri ce, domin mai neman izinin gini yakan nema da sunansa ko da takardar filin na ɗauke da sunan wani.

Sai Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. A nan akwai bambancin da ya kamata ka fahimta da kyau. Idan sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, shi da kasuwancin abu ɗaya ne, dukiyar wannan ita ce ta wancan. Idan kuwa kamfani ne mai "Limited", doka na kallonsa a matsayin wani mutum dabam. Gidan da ke da sunan kamfanin ba za a sayar don bashin da ke wuyan mai kamfanin ba, sai dai a bi hannun jarinsa, ko a shawo kan kotu cewa kamfanin fatar akuya ce kawai ya lulluɓa don zamba, kuma kotuna ba sa saurin yarda da haka. Saboda haka ka sake duba takardar hukuncinka: sunan wa aka rubuta, shi, ko kamfaninsa, ko duka biyun? Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye a kamfani, kuma ta ce jinginar da kamfani ya yi a kai ta rajista cikin kwana 90. Wannan rajistar jingina na da amfani ta wata fuska: a ciki ake bayyana kadarar da aka jinginar, har da inda take.

Sa shi ya rantse

Akwai makamin da lauyoyi da yawa ke mantawa da shi. Sashe na 55 na waccan doka ta 1945 ya ba ka dama ka nemi kotu ta aika wa wanda ake bi sammaci, ya zo ya tsaya a akwatin shaida, a rantsar da shi, a tambaye shi abin da ya mallaka da abin da ya sayar ko ya kyautar, ya kuma kawo takardunsa. Ana iya kiran wasu shaidu, kamar jami'in ma'aikatar ƙasa da fayil a hannu, ko dillalin da ya yi cinikin. In ta bayyana yana da halin biya ya ƙi, ko ya karkatar da dukiya don ya cuci masu binsa, kotu na da ikon tura shi gidan yari.

Ra'ayina shi ne kada ka fara da wannan. In ka kira shi ba ka san komai ba, zai ce "ba ni da shi", kai kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata shi da shi, sai dai ka farkar da shi. Amma in ka riga ka riƙe hoton gida da rasit ɗin haya, ka bar shi ya gama rantsuwarsa, sannan lauya ya miƙa masa hoton. A irin wannan zama na sha ganin wanda ya yi shekara yana ɓuya ya nemi a ɗaga shari'a don a yi sulhu.

Yanzu mu koma kan maganar sanarwa. Tunda dole a sanar da shi kafin a ba da izinin kama gida, tsakanin ranar da takarda ta isa hannunsa da ranar zama, yana iya kiran ƙaninsa su rubuta takardar ciniki su mayar da kwanan wata baya. Maganin wannan shi ne lauyanka ya haɗa da roƙon umarnin wucin gadi na hana sayarwa ko kyautarwa, irin wanda lauyoyi ke kira Mareva, sannan ya kai kwafin umarnin ma'aikatar ƙasa a sa a fayil. In filin awon igiya ne, a kai wa mai unguwa da dagaci, domin su ne rajistar wurin. Kai kuma ka kama bakinka. Kantin Kwari ba ta riƙe sirri. Abin da ka faɗa da hantsi a layinku, kafin azahar ya isa kunnensa.

Ba kowane gida ne ya cancanci wahala ba

Wani lokacin ka gano gidan, amma ba zai biya ka ba. Na taɓa murna da wani katafaren gida da muka gano, rahoton bincike ya fito, ashe an jinginar da shi ga wani banki kan bashin da ya fi ƙimar gidan. Banki mai rajistar jingina shi ke gaba, mu sai abin da ya rage, kuma babu abin da zai rage. Kuɗin da muka kashe ya tafi a banza, kuma laifina ne, domin na shigar da roƙo kafin rahoton ya fito.

Gidan da ke da sunan matarsa ko 'ya'yansa shi ma ba nasa ba ne a idon doka. Ma'aikatan kotu na liƙa takarda, mai sunan zai shigo ya ce nasa ne, kotu ta tsaya ta saurari wannan da'awar tukuna. Ana iya cin nasara in an nuna cewa bayan bashin ya hau kansa ne ya mayar da gidan sunan iyalinsa, ba tare da an biya shi komai ba, kuma har yanzu shi ke karɓar haya. Kotu na iya warware irin wannan kyauta. Amma sabuwar shari'a ce, da shaidunta da shekarunta. Gidan gado da ba a raba ba kuwa, rabonsa kawai za ka iya bi. In su goma sha biyu ne a gida ɗaya a cikin birni, lissafa abin da zai zo hannunsa kafin ka tayar da zuri'a guda.

Shi ya sa in gidan haya ne nakan duba hanya mafi kusa. Kuɗin hayar da lokacin biyansa ya yi bashi ne da yake bin 'yan haya, kuma sashe na 83 na dokar 1945 ya ba da dama kotu ta umarci wanda ke riƙe da kuɗin mutum ya biya mai binsa kai tsaye. Da wannan sashen ne ake kama kuɗi a asusun banki, kuma in lauyanka bai gwada bankuna ba tukuna, ya gwada, domin ya fi gwanjo sauri nesa ba kusa ba.

In an kai ga sayarwa, ka sani gwanjon kotu ba ya kawo farashin kasuwa. Mutanenmu na ƙyamar gidan da aka fitar da mai shi, mai saye kuma ya san yana da sauran aiki a gaba wajen neman amincewar gwamna. Bayan an buga gwanjo, akwai kwana 21 da za a iya roƙon kotu ta soke cinikin in an yi kuskure a tsari, sai sun wuce kotu ke ba mai saye takardar shaida. Daga kuɗin za a cire na aikin zartarwa, a biya ka, ragowar a mayar masa. In kadarar a wata jiha take, misali Kaduna ko Abuja, sai an karɓi takardar shaidar hukunci daga kotun Kano an yi mata rajista a kotun can, kamar yadda sashe na 104 da na 105 suka tsara. In a Maraɗi ko Damagaram take, wannan wata ƙasa ce da nata tsari, sai lauyan can.

Wani zai ce maka ka kai shi wurin 'yan sanda ko EFCC a matsa shi. Kada ka yi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma shi ne zai juyo ya yi ƙararka kan tauye haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi.

In kuma zuciyarka na ɗar-ɗar da sayar da gidan Musulmi ɗan'uwanka, addini ya raba tsakanin mutum biyu. Wanda ke cikin ƙunci da gaske, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa. Mai hali da ke ja-in-ja kuwa, hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Malaman Malikiyya sun yarda alƙali ya sayar da gidan wanda bashi ya yi wa katutu, sai dai sun ce a yi jinkiri kamar wata biyu ana neman farashi mai kyau. Binciken da za ka yi shi ne zai nuna maka a wane ɓangare mutuminka yake.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka, takardar hukuncin na hannun lauyanka, kuma kalma ɗaya a cikinta na iya canza hanya. Ka tambaye shi abu biyu a wannan makon. Na farko, ko mutumin ya ɗaukaka ƙara ya kuma samu umarnin dakatar da zartarwa; ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da kai. Na biyu, lissafin lokaci: ƙa'idojin zartar da hukunci sun ba da shekara 6 don bin dukiya ba tare da neman sabon izini ba, amma shekara 2 kacal don matakin da ya shafi jikin mutum, kamar tura shi gidan yari. Wata bakwai sun riga sun tafi. Rahoton zuwan ma'aikatan kotu shagonsa, ka karɓi kwafinsa mai hatimi, sannan ka nemi dillalin unguwar da aka fi ambata maka.